Wanda Ya Kai Ƙorafi a Layinmu

Shekara goma sha huɗu ina zanen gidaje, amma har yau 'yan layinmu Injiniya suke ce mini. Na yi bayani har na gaji, na ce injiniya daban, mai zanen gini daban, sai su ce, "To Injiniya, mun ji." Na bar su da halinsu. Dama ni zuciyata a kusa take, kowa ya sani, in na ce zan biye wa kowa hawan jini zai kama ni ban kai hamsin ba.

Gidanmu shi ne mai lamba tara a layin. Ɗaki biyar ne da falo, ga fili a baya da babu komai a cikinsa sai igiyar shanya da tsohuwar tayar mota. Tun rasuwar Baba mutum ɗaya ke kwana a gidan nan, Ummanmu. Tela ce, ko da yake yanzu ido ya yi rauni, daga rage tsawon wando sai ɗinkin kayan jikoki. Keken ɗinkinta yana falon gaba, jikin babbar tagar da ke kallon titi, kuma nan take wuni.

Ga kuma ƙanwata Auta, nas ce a babban asibiti, da miji da 'ya'ya biyu. Haya a cikin gari ta fi ƙarfinsu, sai da suka koma can ƙarshen gari inda bas ke juyawa. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, kullum ta Allah. Yarinya ta rame, ƙafafu sun kumbura. Ana cikin haka wani asibiti a wani gari mai nisan gaske ya ba ta aiki har da gidan zama, suka ce ta ba su amsa kafin ƙarshen wata mai kamawa.

Za ku ce me ya hana ta dawowa gidan Umma, ga ɗakuna a rufe? An gwada ai. Wata uku suka yi, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya, mijin Auta yana tafiya a gidan kamar baƙon da ya zo gaisuwar mutuwa. Umma da Auta kuwa halinsu ɗaya, kowacce ba ta ɗaukar raini, har ta kai ana aiko ni da saƙo tsakanin ɗaki da ɗaki. Ba ƙiyayya ba ce, kowacce dai ƙofarta take so da tukunyarta.

To ƙofa da kicin ai aikina ne. Na zauna na zana: a raba gidan gida uku. Umma a ƙasa, Auta da iyalinta a bene hawa ɗaya da za a ɗora, sai ƙaramin sashe a ba wani malamin makaranta ko ma'aikaci haya mai sauƙi. In ka tsaya a titi ba za ka ce gida uku ba ne, rufi ɗaya ne, fenti ɗaya, ƙofar shiga ɗaya. Wallahi zanen ya yi kyau, ba don ni na yi ba.

Ofishin tsara gari ya fito da ƙa'ida a kan tsofaffin unguwanni irin namu. An yarda ka mayar da gida ɗaya ya zama na iyali uku, amma sai ka kafa allo a ƙofar gida da hoton yadda fuskar ginin za ta kasance, ya yi kwana ashirin da ɗaya. In babu wani mazaunin layin da ya kai ƙorafi a rubuce, a buga maka hatimi nan take. In kuwa ko mutum ɗaya ya rubuta, fayil ɗinka ya tafi gaban kwamiti, kwamitin kuma sau biyu yake zama a shekara.

Auta ta dube ni ta ce, "Yaya, in izini ya fito kafin ƙarshen wata, zan ce musu ba na zuwa, in daure da bas ɗin nan har a gama ginin. In bai fito ba, ki yi haƙuri, tafiya zan yi. Na gaji."

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki. Layin nan a tafin hannuna yake."

Na san mutanena. Ban yarda na kafa allo ba sai da na bi su gida-gida, da takarda da fensir, don in kashe bakin kowa tun kafin ya buɗe.

Na fara da Hedimasta, maƙwabcinmu na dama, wanda ya yi ritaya tun ina jami'a amma har yanzu yana magana kamar yana gaban yara a filin taro. Ya sa tabarau, ya juya zanen sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Iyali uku, mota nawa ke nan? A ina za su ajiye? A ƙofata?"

Auta ko keke ba ta da shi. Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce, "Baba, ina kake so a ajiye?"

Awa ɗaya da rabi na yi a falonsa, har da tarihin yadda aka zuba kwaltar layin. Na fito da alƙawarin wurin mota biyu a cikin harabarmu. Wurin mota biyu kuwa ba daga sama zai faɗo ba, sai da na tura bangon gaba ciki, falon ya ragu da kusan rabi.

Sai Matar Likita, maƙwabciyarmu ta hagu. Ita matakalar bene ce ta tsone mata ido, don na sa ta a gefen katangarta. Ta ce, "Injiniya, ke ma mace ce. Duk mai hawa da sauka ya riƙa leƙa mini tsakar gida ina shanya? Haba!" Gaskiyarta, ban ce ba ta da ita ba. Sau uku na koma wajenta. A ƙarshe na ɗauke matakalar na kawo ta gaba, ta cinye abin da ya rage na falon.

Mai Kanti na bakin layi shi ba ruwansa da mota ko matakala, cewa ya yi kada in mayar musu da unguwa tasha. Na nuna masa launin fenti har kala huɗu ya zaɓa, kamar shi zai tare a gidan. Kai, na ga abu! Ni da digirina biyu ina tsugune gaban buhunan sukari ina tambayar mutum ko ruwan toka ya fi masa ruwan ƙasa.

Da gaban gidan ya zama wurin mota da matakala, sashen Umma sai ya koma baya. Na ce ai gara haka ma. Bara ta zame a banɗaki ta yi wata guda a kwance, tun daga nan ni da Auta muka ɗauke mata komai, mu ne kasuwa, mu ne asibiti, mu ne shawara. Na zana mata ɗaki ba tudu ba gangare, banɗaki taku huɗu daga gado, da ƙarfen riƙewa a bango, babu ƙarar mota babu hayaniyar yara. Har yaba wa kaina na yi.

Na nuna mata kuwa, kada a ce ban nuna ba. Na shimfiɗa zanen a kan teburin yankan yadinta, ni da Auta muna ta magana, ita tana zaune a tsakiyarmu. Ta ɗora yatsa a kan takardar ta ce, "Kekena a ina zai zauna?"

Na ce, "Umma, ki bar mana wannan, za mu samar masa wuri." Wayata ta yi ƙara, na fita amsawa.

Wata rana kuma na zo wucewa da takarduna a hammata, ta leƙo ta taga ta ce, "Zo mana ki zauna, ina da magana."

Na ce, "Umma, Hedimasta na jirana, kin san halinsa. In na dawo." Da na fito daga gidansa kaina na sarawa, na shige mota na tafi abina.

Aka kafa allo. Kwana ashirin da ɗaya ina ƙirgawa kamar mai jiran haihuwa. Kullum sai na bi ta layin ina washe baki, ina gaida wanda ko a hanya ba ma gaisawa. Ran na ashirin da biyu tun kafin a buɗe ofis ina bakin ƙofa.

Akwai wani ma'aikaci a wurin, Mai Hatimi muke ce masa, mutum ne da ko gobara ake yi sai ya gama goge tabaransa. Ya buɗe babban littafinsa, ya bi layi da yatsa, ya ɗago ya ce, "Gida mai lamba tara. An kawo ƙorafi ɗaya. Fayil ya hau sama."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Wa ya kawo?"

"Takardar tana cikin fayil."

"To ɗauko fayil ɗin."

"Na ce miki ya hau sama. Ki cike fom, ki dawo ran Alhamis a ba ki kwafi."

Ban san sanda na buga teburinsa ba, har kofin shayinsa ya yi tsalle. Bai ko girgiza ba, fom ɗin kawai ya turo mini.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai ƙofar Hedimasta. Yana ba shukokinsa ruwa na dira a kansa. Na ce, "Baba, ka kyauta! Na ba ka wurin mota, na ba ka awa ɗaya da rabi na rayuwata, ashe ta ciki na ciki. Tsofai-tsofai da kai ka bi ta bayan fage?"

Ya ajiye butar ya ce, "Ke Injiniya, shiga hankalinki. Ni in zan yi ƙorafi da sunana zan yi, da lambar gidana, in kuma kawo miki kwafi har gida. Shekara talatin ina koyar da rubuta wasiƙa."

Matar Likita ta leƙo, Mai Kanti ya baro kantinsa, kowa yana rantsuwa. Na tsaya a tsakiyar titi ina huci, na ce duk wanda ya yi, shi da Allah. Ina juyowa na hango Umma a tagarta, ta dakatar da keken tana kallona. Ban ko shiga na gaishe ta ba, don na san in na buɗe baki kuka zan yi.

Ran Alhamis Mai Hatimi ya miƙo mini kwafin, takarda ɗaya tal. Tun kafin in karanta kalma ɗaya na gane hannun da ya rubuta. Na san rubutun. Na san yadda ake jan wutsiyar huɗu, na san yadda biyar ke kwanciya gefe, don da irin lambobin nan aka cika littafin awon mutanen unguwarmu, da su aka rubuta faɗin kafaɗata tun ina 'yar firamare. Ga abin da ke ciki:

"Ni mazauniyar layin nan ce shekara arba'in da ɗaya. Ba na ƙin a yi gini. Tagar gaba faɗinta inci hamsin da huɗu ne, tsayinta inci arba'in da takwas. A hoton da aka kafa ban gan ta ba. Ina so mai zanen ta zo ta same ni mu zauna. Gida mai lamba tara."

Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa za ta tashi.

Na same ta tana saka zare a allura, ta ɗaga ta saitin hasken taga tana lalube. Na ajiye takardar a kan keken. Na ce, "Umma, mene ne wannan?"

Ta kalla ta ce, "Au, sun ba ki? To madalla. Zauna."

"Ba zan zauna ba! Kin san abin da kika yi kuwa? Wa ma ya kai ki ofishin?"

"Ƙafata da sandata. Tasi na tsayar a nan ƙofar, adireshin yana jikin allonki."

"Umma, don Allah me ya sa? Ni 'yarki ce, a gidan nan kike ganina kullum. Ba sai ki faɗa mini ba?"

Ta cire tabaranta ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ta ce, "Sau biyu na faɗa. Ran farko waya ta kira ki, ran na biyu Hedimasta ya kira ki. Ina zaune a nan ina kallonki, duk wanda ya ce bai yarda ba sai ki ɗauki takarda ki tafi gidansa, ki zauna, ki saurare shi, ki goge ki sake zanawa. Matar Likita sau uku kika je mata, na ƙirga. Sai na ce ashe haka aikin naku yake, mai ƙorafi ake zama da shi. Shi ne ni ma na yi nawa."

Na ce, "Ai don ki huta na mayar da ke baya. Babu hayaniya."

"Wa ya ce miki hutu nake nema? A baya wa zan gani, igiyar shanya? Ta tagar nan nake sanin gari ya waye. Nan masu kai yara makaranta ke gaishe ni, nan ake miƙo mini wando a rage. Ran da na faɗi a banɗaki, da Mai Kanti bai ga tagar a rufe har hantsi ba, wa zai san ina kwance a ƙasa?" Ta shafa bakin tagar da tafin hannu. "Ni a sana'ata ban taɓa sa almakashi a yadi ban auna mai rigar ba. Ke kin auna bango, kin auna katanga, har motar da ba a saya ba kin auna."

Sai a lokacin na zauna. Na ce, "Umma, kin san takardar nan ta tura mu gaban kwamiti? Sai nan da wata biyar za su zauna. Auta kwana shida ya rage mata."

Na ga hannunta ya sauka daga kan taga a hankali. Ta ce, "Wane kwamiti? Ba kiran ki za su yi su ce ki zo ki same ni ba?"

Ashe ba ta sani ba. Ta ina za ta sani? Duk bayanin kwana ashirin da ɗaya da kwamiti da wa'adin Auta a kan kanta muka yi shi, ni da Auta, kamar tana wani ɗaki.

Washegari muka tafi ofishin tare, tana dogara sandarta, ta ƙi yarda in riƙe ta. Ta tsaya gaban Mai Hatimi ta ce, "Ɗana, ni na rubuta takardar nan, kuma na janye. Ba ni abata."

Karon farko na ga mutumin nan ya miƙe tsaye. Ya ba ta kujerarsa, ya ce, "Mama, wallahi da a hannuna take da na yaga ta a gabanki. An riga an ba ta lamba, an shigar. Ko janyewar ma kwamitin ne zai karɓa. Bakin alƙalami ya bushe."

Na hau sama, na sauko, na sake hawa. Wannan ya tafi taro, wancan yana hutu, na ukun ya ce in rubuto. Na yi faɗa, na yi magiya, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi kuka a gaban sakatariya. Haka muka dawo gida ba mu samo komai ba.

Da na gaya wa Auta, dariya ta fara yi, irin wadda ta fi kuka ciwo. Ta ce, "Ke da layin ke tafin hannunki." Na ce ta ƙara haƙuri wata biyar, ƙila kwamitin ya amince. Ta ce, "Ƙila? Yaya, a kan ƙila zan saki aiki da gida? In sun ƙi fa?" Ban ga laifinta ba. Ta kira asibitin can ta ce tana zuwa.

Na je na ba Hedimasta haƙuri. Ya karɓa, bayan ya yi mini lacca ta rabin awa a kan ladabi, na kuma tsaya na shanye don na ci a yi mini.

Ran tafiyarsu motar kaya ta biyo ta layinmu don su yi sallama. Umma ta kwana uku tana ɗinka wa yaran riguna, ta sake auna su a nan falon ta ce ta bar musu ƙari a ƙasa, don kafin ta sake ganinsu sun yi tsawo. Ita da Auta suka rungume juna, babu wadda ta ambaci takarda. Da motar ta tashi ba ta fito titi ba, ta koma kujerarta ta bi su da kallo ta taga har suka sha kwana wajen kanti.

Bayan sati guda na zo da sabuwar takarda fara fes, da fensir biyu. Na kashe wayata na ajiye a kan teburin inda za ta gani. Na ja kujera kusa da keken na ce, "To Umma, ga ni. Daga ina za mu fara?"

Ta miƙo mini tef ɗin awonta ta ce daga taga. Muka yi awa biyu. Ta nuna mini inda rana ke faɗowa da safe, da inda take so ƙofarta ta kalla, ta ce matakala ta koma baya, a ɗaga katangar Matar Likita da bulo uku magana ta ƙare. Mota kuma ɗaya ta isa, ita za ta yi wa Hedimasta magana da kanta, ai wandunansa a hannunta suke. Abin haushi, abin takaici, zanen ya fi nawa na farko kyau nesa ba kusa ba.

Na zana sashenta, na zana na haya, na hau zana benen. Na ja ɗakin yara, na ja kicin. Tana bin bakin fensir ɗin da ido, sai ta ɗora yatsa a kan ɗakin yaran.

Ta ce, "Wannan na saman, yanzu na wa ne?"

Na riƙe fensir ɗin ina kallon takardar. Wata mata ta wuce ta gaishe ta ta taga, Umma ba ta amsa ba.